Autanmu na son shiga tsaunukan Maroko zamiyar ƙanƙara: in tura kuɗin ko in hana?

Yayar Auta, Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka zauna a Maroko ko wata ƙasar da dusar ƙanƙara ke sauka.

Autanmu yana karatu a Marrakesh. Jiya da daddare ya kira ni yana ta kewaye-kewaye, sai da na ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa. Wai abokan karatunsa sun shirya tafiya tsaunukan Atlas a hutun da za su samu a watan Fabrairu, za su kwana biyu a can, su hau dutse da katakon zamiya a ƙafa sannan su sulalo ƙasa. Na ce masa ai na san wannan, ina gani a talabijin, ana ɗaukar mutane a kujerun lantarki a kai su sama. Ya ce a'a Yaya, wannan daban ne, inda za su babu kujera babu hanya, da ƙafarka za ka hau. Kuɗin da ya nema ya kusa rabin albashina, na ɗan jagora da hayar kaya da masauki.

Hajiyarmu ba ta sani ba, kuma ya roƙe ni kada in faɗa mata. Ni abin da ke damuna sanyi ne. Yaron nan ko hunturun Gombe sai ya kwana da safa da hula, ina ga inda ruwa ke daskarewa? Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa min gaskiya, wasa ne ko ganganci?

Baban Khalifa, Pantami

Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki tura ko sisi. Karatu aka tura shi ko hawan dutse? In ziyara yake so ga Fas nan, ya je zawiyar Shehu Tijjani ya yi mana addu'a. Yaran yanzu da sun ga Turawa na abu sai su ce su ma sai sun yi. Kuma maganar ɓoye wa mahaifiya ma kaɗai ta isa ki gane shi kansa ya san ba daidai ba ne.

Ɗan Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Marrakesh na yi karatu, kuma na yi irin tafiyar da yake magana, don haka bari in ba ki labarin yadda wunin yake, sai ki auna da kanki. Amma tun farko in faɗa miki, sanyin da kike tsoro shi ne mafi sauƙin abin da ke can. Sanyi kaya ne maganinsa, kuma ana bayar da su haya. Yawancin wunin ma gumi mutum yake yi.

Kusan tabbas Imlil za su, wani ƙauye da ke kudu da Marrakesh, tafiyar kilomita sittin da wani abu, a gindin Toubkal. Toubkal shi ne tsauni mafi tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Don ki gane, Chappal Waddi na Taraba, wanda babu kamarsa a Najeriya, mita 2,419 ne. Mota a Imlil take tsayawa. Daga nan sai ƙafa, alfadarai na ɗauke da kaya har inda ƙanƙara ta fara, daga nan kowa ya goya nasa ko a biya 'yan dako. Mutanen wurin Amazigh ne, harshensu dangin na Buzaye, kuma kusan kowane gida akwai mai alfadari ko ɗan jagora. A tsakiyar hanya akwai Sidi Shamharush, wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, mutanen yankin na cewa wurin sarkin aljanu ne, har ziyara ake kai masa. Mu dai shayi muka sha a rumfar da ke gefe muka wuce. Awa biyar zuwa shida ake yi kafin a kai masaukin da ke sama, a mita 3,207. Gini ne na dutse, gadaje hawa-hawa, ɗaki ɗaya mutum da yawa, kowa cikin jakar barcinsa. Wannan duk shimfiɗa ce, washegari ake ainihin abin.

Tun kafin asuba ɗan jagoranmu ya tashe mu. Na yi alwala da ruwan da mai dafa abinci ya ɗuma mana a buta, na yi salla a lungun ɗakin cin abinci, aka kawo burodi da man zaitun da shayi. Ba don son wahala ake sammakon ba. Da dare ƙanƙara na daskarewa ta riƙe kanta, in rana ta ɗaga ta buge ta sai ta saki, ta yi nauyi, ta fara zamewa. Don haka ana son a gama da wurare masu haɗari kafin rana ta yi ƙarfi.

A ƙofar masauki, da tocila a goshi, kowa ya manna wa ƙasan katakonsa wani dogon ƙyalle mai gashi da ake ce wa fata. A da fatar dabbar ruwa ce ta gaske, yanzu gashin akuyar angora ne da lailon, bayansa da gam. Gashin a kwance yake ta gefe ɗaya, kamar bayan akuya: ki shafa daga wuya zuwa wutsiya ya kwanta lum, ki shafa ta baya ya miƙe ya tokare hannunki. To haka katakon ke sulalewa gaba amma ya ƙi komawa baya, shi ya sa mutum ke iya hawa gangare da shi. Takalmin kuma ta yatsu kawai yake maƙale da katakon, diddige a sake yake, kana jan ƙafa kana tafiya. Sai an kai sama ake ɓare fatar, a kulle diddigen, a juyo.

Kafin mu ɗaga, ɗan jagoran ya tsaya gefe ya sa muka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Kowannenmu na rataye da wata 'yar na'ura a ƙirji, a ƙarƙashin riga, wadda ke aika sigina ba tsayawa. Shi ya juya tasa ta koma mai saurare, duk wanda ya gifta sai ta yi ƙara, ya ce wuce. A jakar kowa kuma akwai shebur mai naɗewa da wata doguwar sandar ƙarfe da ake haɗawa gaɓa-gaɓa. Yaya, waɗannan ukun su ne zancen. Abin da ke kashe mutane a wannan wasa zaftarewar dusar ƙanƙara ce. Gefen dutse guda sai ya tsage ya taho da mutum ya binne shi, in ta tsaya kuma ta daskare, ko yatsa ba ya iya motsawa. Alƙaluman da aka tattara a Suwizalan sun nuna in an tono mutum cikin minti 15, fiye da 9 cikin 10 na rayuwa. In aka kai minti 35, kusan 3 cikin 10 ne kawai. Babu jami'in agajin da zai iso wannan wuri cikin minti 15. Waɗanda kuke tare su ne za su neme ka da na'urar, su soka sandar har ta taɓa jikinka, su haƙa. Saboda haka tambayar ba ta tsaya kan ko shi ya iya ba, har da su wa zai bi.

Mun nufi wani mashigi ne a ƙarshen kwarin, Tizi n'Ouagane, sama da mita 3,700. Ba ƙololuwar Toubkal ba, wannan sai gwanaye. Hawan farko da daɗi, gangaren a kwance yake, ba ka jin komai sai shuu, shuu na katako da numfashinka. Ko rabin awa ba mu yi ba na tuɓe babbar rigar na cusa a jaka. Dokar ita ce kada ka bari ka jiƙe da gumi, don da ka tsaya jiƙaƙƙiyar rigar ce za ta daskarar da kai. Shi ya sa ba a sa rigar auduga a ciki. Da gangaren ya miƙe sai aka koma hawa a karkace, a yi dama a yi hagu, kuma a kowace kwana sai ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan gangare, ka ɗaga ɗaya katakon mai tsawon mutum ka juya shi, sannan ka jawo ɗayan. A nan ake gane wanda ya koya da wanda ya zo kallo. Numfashi kuwa, taku ashirin sai ka tsaya ka jingina da sanduna. Ni da na taso ina hawan duwatsun bayan gari a Bauchi na ɗauka ina da ƙarfi, amma wani dattijo Bafaranshe mai furfura ya wuce ni yana hira.

Wajen hantsi muka iso ƙarƙashin gangaren ƙarshe. Mashigin ga shi nan muna gani, bai fi tafiyar rabin awa ba. Ɗan jagoran ya ce mu tsaya. Kwana biyu kafin nan an yi iska mai ƙarfi, ta kwashe ƙanƙara daga wancan gefen ta jibge ta a namu. Ya fito da shebur ya haƙa rami har ƙugunsa, ya gyara bangon ramin ya yi sumul, ya bi shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Ta sama ta yi tauri, sai da ƙarfi yatsa ke shiga. Can wajen kamu biyu sai hannunsa ya nutse cikin wata mai garin-gari da ba ta kama jikinta ba, ya ɗebo ya nuna mana tana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya yanka ginshiƙi guda, ya ɗora shebur a kai ya fara bubbugawa da tafin hannu. Bai yi bugu da yawa ba saman ya zame gaba ɗaya, santsi, ya faɗo gabansa. Ya dube mu ya ce yau nan ne ƙarshen hawa.

Wani daga cikinmu ya yi ta gardama, shi ya biya kuɗi, ga sama garau babu gajimare, ga sawun wasu da suka hau jiya. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce sawun jiya na jiya ne, ya fara ɓare fatar katakonsa yana naɗewa. Ni a wurina wannan ne ya sa na ce kuɗinmu bai tafi a banza ba. Galibin zaftarewar nan a gangaren da ke tsakanin digiri 30 zuwa 45 take faruwa, wanda kuma shi ne daidai gangaren da ya fi daɗin sulalowa, sannan mafi yawan waɗanda ta binne, su da kansu ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita da nauyinsu. Rana mai kyau ba ta hana komai.

Saukowa kuwa, abin da muka hau cikin awa uku da wani abu, ko awa ɗaya ba mu yi ba muka sauko. Inda yake shakka sai ya sa mu gifta ɗaya-ɗaya, saura na tsaye a gefe suna kallo, don in ta tafi da mutum ɗaya a samu masu tono. Ƙanƙarar can ba irin ta filin wasa ba ce da injin ke bajewa. Nan laushi, taku goma gaba ɓawo mai karyewa ya kama maka ƙafa, gaba kaɗan kuma ta daskare ƙarau, ga duwatsu a ɓoye a ƙasa. Cinyoyina rawa suke yi da muka iso masauki. Kafin la'asar muna zaune a bakin ƙofa muna cin tajin, dafa-dukan nama da kayan lambu na Maroko, takalma a jere a rana.

Game da tsaro: tun bayan kashe wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido, 'yar Denmark da 'yar Norway, a kusa da Imlil a Disambar 2018, ba a barin baƙo ya hau Toubkal sai da ɗan jagora, kuma akwai shingayen jandarmomi da ke duba fasfo a hanya. Girgizar ƙasar Satumbar 2023 ta yi wa yankin ɓarna sosai, amma mutane sun koma hawa. Sai dai ɗan jagoran da ya san hanya a lokacin zafi daban, wanda ya san ƙanƙara daban. Ki tambaye shi abu uku: shin ya iya sulalowa sosai, wane ne zai jagorance su kuma aikinsa ne jagorancin masu zamiya, sannan ko kowa zai samu na'ura da shebur da sanda kuma an koya musu aiki da su.

Nas Maman Ummi, Yelwa, Bauchi

Sannu Ɗan Wunti, ka yi bayani. Hajiya, ni abu ɗaya zan ƙara, kuma ina roƙonki ki fara da shi kafin maganar kuɗi: jininsa AA ne ko AS, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, kuma da yawa ba su sani ba sai an zo gwajin aure. Mai AS lafiyarsa ƙalau a nan ƙasa, amma a can sama inda iska ta yi ƙaranci, ga wahala ga ƙishirwa ga sanyi, jinin na iya toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Ɗan jagoran da ya saba da Turawa ba lallai ne tunaninsa ya kai nan ba, zai ɗauka ciwon ciki ne kawai. In AS ne, ya ga likita tukuna ya faɗa masa tsawon wurin da za shi. In SS ne ko SC, babu ma zancen.

Ko AA ne, ciwon hawa sama na iya kama kowa daga mita 2,500, ba ruwansa da ƙuruciya ko ƙarfi. A mita 4,000 iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan kashi 60 cikin ɗari ce ta wadda yake samu a bakin teku. Marrakesh ba ta kai mita 500 ba, su kuma za su kwana a sama da 3,000 a rana ɗaya, wannan tsalle ne babba. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, ƙin abinci, duk ana gani. In ya tsananta, mutum na tangaɗi ko yana haki alhali a zaune yake, maganin shi ne a sauko da shi nan take, ko da dare ne. Gara su ƙara kwana ɗaya a Imlil kafin su hau.

Sai ido. Sabuwar ƙanƙara na mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, kuma baƙar fata ba ta kare ƙwayar ido. Ya samu baƙin tabarau na gaske mai rufe gefe, ba na bakin titi ba.

Yayar Auta, Jekadafari, Gombe

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na kira shi ɗazu da takarda a hannuna. Anti Nas, AA ne, na ga takardar gwajin da aka yi masa kafin ya tafi. Malam Ɗan Wunti, da na tambaye shi ko ya iya, sai ya ce ai ya je wani filin zamiya, Oukaimeden, bara ya koya, har bidiyo ya turo min. Na kalla, yana tafiya a hankali ƙafafu a buɗe, yara ƙanana na wuce shi. Maganar na'ura kuma ya ce bai sani ba, wani abokinsu ne ke shirya komai, shi ma ɗan jagoran ɗan uwan abokin ne. Baban Khalifa, maganarka ta Hajiya ta tsaya min a rai, na ce masa ko ma mene ne sai ta sani.

Ɗan Wunti, Bauchi

To Yaya, in haka ne bai kai ba tukuna, kuma ki faɗa masa wani da ya je ne ya ce. Oukaimeden filin wasa ne, akwai na'urar jan mutane sama, akwai jama'a, mota na zuwa har wurin, in ka faɗi za a ɗauke ka. Wanda ke tafiya ƙafafu a buɗe yana birki da bakin katako, a can sama ko ƙanƙara ba ta zaftare ba gwiwa zai karya a ɓawon nan da na faɗa, kuma daga masauki zuwa inda mota take wuni ne a kan kafaɗun mutane da bayan alfadari. Sannan zai jinkirta sauran har rana ta same su a inda bai kamata ba.

Amma ban ce a hana shi dutsen ba. Zai iya bin su har masaukin da ƙafa, da ɗan jagora mai lasisi, a ɗaura masa ƙarafan nan masu haƙora a takalmi in hanya ta daskare. Zai ga ƙanƙarar, ya kwana a cikinta, ya ɗauki hotunan da yake so, kuma kuɗin zai ragu sosai tunda babu hayar katako da takalmin zamiya. Sauran ki ce ya kashe a Oukaimeden wurin mai koyarwa, in an samu ƙanƙara, don a shekarun fari wani lokaci filin ƙasa ce zalla. Ya kuma duba ko inshorarsa ta ɗalibi ta haɗa da hawan dutse. Ɗan uwan abokin nan, a nemi katinsa na jagora a gani, mai shi ba ya jin haushin a tambaya.

Baban Khalifa, Pantami

Ni dai har yanzu ban ga abin da ake nema a can ba, mutum ya biya kuɗi a kai shi inda sai an rataya masa na'urar tono gawa. Amma tunda za a faɗa wa Hajiya, magana ta koma hannunta. In ta yarda ku tura masa, in ta ce a'a ya haƙura, in ya dawo gida hutu mu kai shi Tula ya hau dutse har ya gaji.

Yayar Auta, Jekadafari, Gombe

Gobe Juma'a zan je gida bayan an sauko masallaci, zan kira shi a gabanta ya yi mata bayani da bakinsa. Malam Ɗan Wunti, in ta amince da zuwa masaukin, safar hannu da babbar rigar a Imlil zai karɓa haya ko gara ya saya tun daga Marrakesh? Hannunsa ne ke saurin sanyi tun yana ƙarami.